Da a ce dokin Aleksiyos ya yi tuntuɓe a Durazzo

Malam Habibu (mai kula da zaure): Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya mun rabu a kan Andalus ba a yi baram-baram ba, to yau ga wata. Ƙa'ida tana nan yadda take: abu ɗaya za ka canja a tarihi, sauran ka bar su yadda suka faru, sannan ka bi sawu ka ga inda za a ɓulle. Kar wani ya kawo mana igwa a ƙarni na 11.

Ga filin. Shekarar 1081 ce. Robat Giskar ɗan wani ƙaramin basarake ne a Normandi mai 'ya'ya maza goma sha biyu, gado ba zai ishe su ba. Ya gangaro kudancin Italiya, ya fara da fashi a tsaunukan Kalabriya, ya zuwa 1059 Fafaroma da kansa ya tabbatar masa da sarautar Apuliya da Kalabriya. A 1071 ya ƙwace Bari, garin ƙarshe da ya rage wa Rumawan Gabas a Italiya, a shekarar da Alp Arslan, sarkin Turkawa, ya kama sarkinsu Romanos a Manzikert. Bayan shekara goma sai ya ƙetare teku ya yi wa Durazzo ƙawanya, garin da yau yake cikin Albaniya. Daga ƙofar garin nan tsohuwar hanyar Egnatiya ta tashi, ba ta tsaya ba sai Kustantiniyya, babban birnin Rum, wato Istanbul ta yau. Sabon sarkin Rum, Aleksiyos Komnenos, wanda ko wata bakwai bai cika a karaga ba, ya taho da kansa. Ranar 18 ga Oktoba aka gwabza, aka karya shi, ya tsere da sara a goshi.

Tambayata: da a ce ranar nan dokinsa ya yi tuntuɓe aka kashe shi, Giskar zai shiga Kustantiniyya ko kuwa?

Abba Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Malam. Wannan ai ba tambaya ba ce, kyauta ce. Kafin damina ta gaba Giskar yana zaune a fada yana shan iska. Rundunar Rum ta watse, Anatoliya ta tafi hannun Turkawa, baitulmali wayam, sarki ya mutu. Wa zai tare shi?

Anti Rabi: Ganuwa za ta tare shi, Abba. Ka taɓa duba hoton ganuwar Tiyodosiyos, wato ganuwar Kustantiniyya? Gwalalo ne a gaba, sai ƙaramar katanga, sai matsakaiciya, sai babba mai hasumiyoyi, tun ƙarni na 5 take tsaye. Ta sauran ɓangarorin kuma ruwa ne. Maslama ɗan Abdulmalik ya zo mata a 717 da ƙarfin daular Banu Umayya kacokan, ta ƙasa da ta ruwa, ya shekara a gindinta, sanyi da yunwa suka cinye mutanensa har Umar ɗan Abdul'aziz ya ce su dawo gida. Kai kuma kana so mutumin da ya shafe kusan shekara uku kafin ya ci Bari ya zo ya haura ta cikin wata shida. Da wane jirgin ma? Tun kafin 18 ga Oktoba 'yan Venis sun farfasa masa jirage a bakin Durazzo.

Nura Injiniya: Anti, da girmamawa, kin kawo ganuwa kin manta da ƙofa. Shi kansa Aleksiyos ta yaya ya shiga birnin a watan Afrilun wannan shekarar? Tsani ya kafa? Sojan hayan Jamus da ke gadin wani sashe na ganuwar aka gama baki da su, suka buɗe, mutanensa suka afka suka yi ta wasoso a cikin gari kamar ba nasu ba. Da ɗan gari akan ci gari. Giskar ya san haka sarai, shi ya sa bai zo a matsayin baƙo mai cin ƙasa ba. Cewa ya yi surukinsa ya zo mayarwa kan mulki. Tsohon sarki Mika'il na 7 ya nema wa ɗansa auren 'yar Giskar a 1074, aka kai yarinyar Kustantiniyya, sai aka tuɓe Mika'il a 1078. Giskar ya samo wani mutum ya sa masa kayan sarauta, ya ce ga Mika'il nan ya gudo wurinsa yana kuka.

Anti Rabi: Kuma da aka zaga da Mika'ilun bogin a gindin ganuwar Durazzo da kiɗa da algaita, me mutanen garin suka yi? Ihu suka yi masa daga sama, suka ce ba shi ba ne. Na gaskiyar yana can Kustantiniyya da ransa, ya zama malamin coci. Idan mutanen bakin iyaka ba su sayi wannan hajar ba, 'yan birni da suka san fuskarsa ne za su saya?

Hauwa Kulu: Ni dai baƙuwa ce a wannan fagen, a yi mini afuwa. Yaya aka yi ma aka ci Rumawa a ranar? Na ɗauka su ne masu tsohuwar makarantar yaƙi.

Abba Ɗan Kurmi: Yaya Hauwa bari in ba ki, don nan ne daɗin yake. Aleksiyos yana da dogarai da ake kira Varangi, masu dogon gatari, kuma a lokacin da yawansu mutanen Ingila ne da suka bar gida bayan Normawa, mutanen su Giskar, sun ci ƙasarsu a 1066. Ki duba fa, shekara goma sha biyar suna haɗiye wannan takaicin a ƙasar mutane, sai ga Normawa a gabansu. Da farko ɓangaren dama na Giskar ne ya karye, suka zura da gudu har cikin teku. Varangi suka bi su a ƙasa, da sulke da gatari, suka yi wa sauran runduna nisa, numfashi ya ƙare. Giskar ya tura musu maharba ta gefe. Waɗanda suka rage suka fake a cocin Mala'ika Mika'ilu da ke kusa, wasu har kan rufi, aka cinna wa cocin wuta da su a ciki. Daga nan barade suka sauke māsu suka zubo wa tsakiyar Rumawa gaba ɗaya. Bodin sarkin Zeta da ya zo taimako ya tsaya yana kallo, da ya ga inda rana ta karkata ya juya da mutanensa ko takobi bai zare ba. Turkawan haya ma suka bi sahu.

Kuma kin san wa aka ce ya dawo da waɗanda suka gudu cikin teku? Matar Giskar, Sikelgaita. Mashi ta ɗauka ta bi su a kan doki tana yi musu tsawa.

Hauwa Kulu: Kai! Wannan ita ce uwargida ran gida. Ashe da ba don ita ba da tun a nan muhawarar Malam Habibu ta mutu.

Malam Habibu (mai kula da zaure): A dai riƙa tunawa, yawancin wannan bayani daga bakin Anna Komnena muka same shi, 'yar Aleksiyos. A 1083 aka haife ta, shekara biyu bayan yaƙin, kuma sai da ta tsufa ta rubuta. Ta ji daga tsofaffin sojojin ubanta, amma uba uba ne. Ita ce ta ce wasu barade sun soko shi da māsu ta hagu ya karkata zai faɗi, sai wasu suka soko ta dama suka miƙar da shi a kan sirdi, sannan dokin ya yi tsalle ya haye wani dutse.

Baffa Ilu: Salamu alaikum. Jikata ce ta karanta mini tun daga sama, ni idona ba ya ɗaukar ƙananan rubutun nan da dare. Zancen māsun nan biyu dai, Malam Habibu, a bar wa 'yarsa. Shekarata arba'in da ɗoriya ina hawa, na ga mutum ya karkata likkafa ta riƙe shi, na ga wanda majayi ya tsinke ya zube ana tsakiyar jafi, amma ban taɓa ganin wanda abokin gaba ya gyara wa zama ba.

Abin da nake so yaran nan su gane shi ne doki ba mota ba ne da za ka kashe ka ajiye. Guda biyu gare ni a gida, ingarmu. Ko an hau ko ba a hau ba, safe da yamma sai an zuba hatsi, ga dusa, ga harawa, ga kanwa, ga ruwa bokiti-bokiti. In na yi kwana uku ina tsuke hannu, a gindin wutsiya da haƙarƙari nake fara gani. Bara da dawa ta yi tsada sai da na sayar da tunkiya biyu don kar su rame kafin Sallah. Wannan fa doki biyu ke nan, a gari, kasuwa na bayan gidana. To ɗauki na runduna, kowane barde da na hawa da na yaƙi da na kaya, ka sa su a hanyar dutse da hunturu, ƙasar da ba ta sonka, teku kuma a bayanka yana hannun wasu. Abba ɗana, kai da ka ce kafin damina, me za su ci?

Abba Ɗan Kurmi: Baffa ranka ya daɗe, na ɗauka ganima za su ci.

Baffa Ilu: Doki ba ya cin zinariya.

Zainabu Maraɗi: Maganar Baffa tana da shaida a cikin abin da ya faru ma. Giskar ya ci yaƙi a Oktoba, amma Durazzo ba ta faɗi ba sai Fabrairun 1082, wata huɗu yana zaune a waje cikin sanyi. Kuma ba haurawa ya yi ba, baƙin 'yan kasuwar Italiya da ke cikin garin ne suka buɗe masa. Malam Nura zai ce ga hujjarsa, na sani.

Nura Injiniya: Kin riga ni, Allah ya saka. Bari in ƙara da babbar. Me ya mayar da Giskar Italiya a bazarar 1082 bayan ya kai har Kastoriya? Abu biyu: hakimansa na Apuliya sun yi tawaye, kuma Henri na 4 sarkin Jamus ya matsa wa Fafaroma Gregori na 7 a Roma. Wa ya hura wutar? Aleksiyos. Ya kwashe kayan zinariya da azurfa na coci-coci ya narkar, har limamin Kalsidon ya tayar masa da ƙura. Ya aika wa Henri zinariya 144,000 da alkawarin ƙari. Ya saya wa kansa Turkawa 7,000 daga Sulaiman na Nikiya, da su ya karya Bohemon ɗan Giskar a Larisa a 1083. Duk wannan aikin kai ɗaya ne. Cire kan nan ranar 18 ga Oktoba, wa zai yi? Mutumin nan sau uku Normawa suna yi masa dukan kawo wuƙa, Durazzo da Yowannina da Arta, yana tashi yana kaɗe riga yana sake dabara. Ya gwada kekunan yaƙi bai yi ba, ya gwada watsa ƙayar ƙarfe a ƙasa Bohemon ya kewaye, daga ƙarshe ya gane cewa ba a tarar barden Norman gaba da gaba, sai ya koma kwanton ɓauna, ya ce wa 'yan baka su bar mutum su harbi doki. Irin wannan ba a samun biyu a gida ɗaya.

Anti Rabi: Nura, rabin maganarka na karɓa. Amma Henri ba don kuɗin Aleksiyos ya zo Roma ba. Rigimarsa da Gregori a kan wa ke da ikon naɗa manyan limamai ta girmi wannan yaƙin. Ka manta 1077, da ya tsaya kwana uku a ƙofar Kanosa cikin ƙanƙara yana neman gafara? Mai wannan tabon ba ya bukatar a biya shi. Tun Mayun 1081 ya fara zuwa gindin Roma, kafin a yi Durazzo. Kuɗin ya ƙara masa mai ne kawai. Su kuma hakiman Apuliya, tawaye sana'arsu ce, sun yi a baya ba sau ɗaya ba, har da 'ya'yan Humfire, wan Giskar, da suke ganin ya cinye musu gado. Duk ranar da Giskar ya yi nisa da gida sai sun motsa. Kenan ko Aleksiyos na raye ko ya mutu, wasiƙar nan ta "dawo gida ana ci da wuta" sai ta iske shi.

Sannan kun yi kamar gidan Komnenos mutum ɗaya ne. Kafin ya fita yaƙi Aleksiyos ya rubuta takarda mai hatimin zinariya ya damƙa mulki kacokan a hannun uwarsa Anna Dalasena, ga wansa Ishaku a birni yana riƙe da gari. Tsohuwar nan ita ta ƙulla hawan ɗanta tun farko. In labarin mutuwa ya iso da hantsi, kafin la'asar ta naɗa Ishaku.

Nura Injiniya: Ta naɗa shi, su gidan Dukas, dangin tsohon sarki Mika'il, su tafa mata? Abin da ya ɗaure gidajen nan biyu auren Aleksiyos da Airin Dukas ne, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, ba ta haihu ba tukuna, kuma surukar ba ta ƙaunarta, sai da aka yi ja-in-ja kafin a sa mata kambi. Aleksiyos ya mutu, igiyar ta tsinke. Ga yaro Kustantin Dukas, ɗan Mika'il na 7, da aka riga aka ba matsayin abokin sarauta, wanda shi ne ma saurayin 'yar Giskar. Ga janar Melisenos da ya nemi sarautar a 1080 aka lallashe shi da muƙami da Tasalonika. Uku ke nan. A cikin ukun, wanda ya ga za a kayar da shi, wa zai kira? Mai runduna mafi kusa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Anti Rabi: To nan kam ka taɓa ni. Ban yarda zai ci birnin ba, amma na yarda wani zai iya kiransa.

Malam Sadi Zariya: Ina ta bin ku tun bayan isha'i. Duk kun juya fuska yamma kun bar gabas a buɗe. Mai runduna mafi kusa ba Giskar ba ne, Injiniya. Daga Durazzo zuwa Kustantiniyya ya haura kilomita dubu. Sulaiman ɗan Kutulmush yana Nikiya, 'yan kwanaki kaɗan ne, mahayansa har gaɓar da ake hango birnin suna zuwa. Kuma masu neman sarautar Rum sun riga sun saba kiran Turkawa, Botaniyates, sarkin da Aleksiyos ya tuɓe, ya yi, Melisenos ya yi, ta haka ma garuruwan suka shiga hannunsu. Ga Pecenegawa, makiyaya mayaƙa, a arewa, waɗanda ba a huta da su ba sai a Lebuniyon a 1091. Ga Caka, wani sarkin yaƙin Turkawa, da ya kafa jirage a Izmir bayan 'yan shekaru. Idan gidan ya tsage, Giskar zai iso ya tarar da layi.

Ni inda abin ya fi ja mini hankali shi ne 1095. Jakadun Aleksiyos ne suka je taron Piyacenza a watan Maris suka roƙi Fafaroma Urban na 2 sojoji, a Nuwamba ya yi huɗubar Kilamon ta kiran yaƙin Salibiyya, a 1099 Ƙudus ta faɗi. Babu Aleksiyos, wa zai aika? Kuma Bohemon da ya ci Antakiya a 1098, me ya kai shi? Rashin gado. Uban ya saki uwarsa ya auri Sikelgaita, sarauta ta tafi ga ɗanta Roja Borsa. Ƙasar da aka ci a Balkan ita ce za ta zama rabon Bohemon, da ta sulluɓe ya tashi da Taranto da 'yan garuruwa. Ba shi Makidoniya ya zauna, ka cire wa yaƙin farko na 'yan Salibiyya sarkin yaƙinsa mafi basira. Wataƙila da a gindin Antakiya za su ƙare.

Abba Ɗan Kurmi: Allah ya gafarta Malam, kenan tuntuɓen doki ɗaya zai hana yaƙin Salibiyya?

Malam Sadi Zariya: Ban ce zai hana ba. Gregori na 7 tun 1074 yake zancen tara runduna zuwa gabas, tunanin yana yawo. Cewa na yi ba zai zo a wannan shekarar da wannan fuskar ba, kuma hanyar da suka bi ta buƙaci sarki a Kustantiniyya mai jirgin ƙetarar da su da abincin ciyar da su.

Zainabu Maraɗi: Ku bar ni in faɗi abin da ke cina tun ɗazu. Wannan gwajin da muke yi da baki, tarihi ya yi shi da jini, sau biyu ma. A 1107 Bohemon ya dawo Durazzo da babbar runduna. Aleksiyos ya ƙi fitowa fili, ya toshe hanyoyin dutse, jirage suka toshe teku, yunwa da cuta suka yi aikin da Baffa ya faɗa, a 1108 Bohemon ya sa hannu a Debol cewa shi baran Aleksiyos ne. Za ku ce ai Aleksiyos ne. To ga 1185, babu Aleksiyos, sarkin da ke kai Andronikos ne, wanda mutanensa suka fi tsoronsa a kan abokan gaba. Wiliyam na 2 na Sisili ya turo runduna da jirage na gaske, irin waɗanda Giskar bai taɓa mallaka ba. Durazzo ta faɗi nan da nan. Tasalonika, birni na biyu a daular, ta faɗi a watan Agusta, aka yi ɓarna. Labari ya kai Kustantiniyya, gari ya tashi, aka yi wa Andronikos kisan gilla. Daidai tsagewar bangon da Malam Nura ke jira. Sai me? Suka ɗora Ishaku Anjelos, Barume ɗan'uwansu, babu wanda ya aika wa Normawa goron gayyata. A Nuwamba janar ɗinsu Branas ya murƙushe Normawan a Dimitritsi, suka koma yadda suka zo.

Waɗanda suka shiga birnin su ne waɗanda ba ku kula da su ba. Ladan jiragen da suka taimaka a Durazzo, Aleksiyos ya ba 'yan Venis takarda: su yi ciniki a tashoshin daular ba haraji, ga unguwa da matsayar jirage a cikin Kustantiniyya, alhali ɗan ƙasa yana biyan ushiri. Bayan shekara ɗari da ashirin da 'yan kai, a 1204, jiragen Venis ne suka jingina da ganuwar bakin ruwa 'yan Salibiyya suka haura. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Nura Injiniya: Hajiya Zainabu, 1185 ta yi mini illa, ba zan ɓoye ba. Abin da zan ce kawai, a 1185 daular ta ci shekara ɗari tana murmurewa a hannun Komnenos uku, da kuɗi mai kyau tun gyaran 1092. A 1081 kuwa tsabar zinariyarsu ta lalace har sunan kawai ya rage. Ba jiki ɗaya aka doka ba.

Zainabu Maraɗi: Gaskiya ne. Amma ko 1204 ɗin ka duba: waɗanda suka ci birnin ba su iya riƙe ƙasar ba. Shekara ɗaya tak Bulgariyawa suka kama sarkinsu Baldwin a Adirna, a 1261 Rumawa suka dawo. Giskar da 'yan baradensa da zai fi su?

Sagir Mai Shago: Ni a ganina tun farko an saka tsinken a wurin da ba shi ba. In ana so a ga Rum ta gama da Normawa, a koma 1040. Janar Maniyakes na Rum yana yaƙar Musulmin Sisili, ya ci Mesina ya ci Sirakusa, Normawa a lokacin 'yan haya ne a ƙarƙashinsa, ana biyansu. Sai ya sa aka yi wa jagoransu Arduwin bulala a kan wani dokin ganima da ya ƙi miƙawa, ya kuma ci mutuncin shugaban jirage wanda surukin sarki ne, aka kira shi gida aka ɗaure. Arduwin ya koma ya haɗa kai da Normawa, a 1041 suka doke Rumawa sau uku a shekara ɗaya a Apuliya. Da an bar wa mutumin nan dokinsa...

Baffa Ilu: Yanzu ka yi magana, Sagiru. A karɓe wa mutum doki a gaban jama'a sannan a zane shi, ai ko ni sai inda ƙarfina ya ƙare.

Malam Sadi Zariya: Sai dai ka lura, Sagir, a naka lissafin Musulmin Sisili ne za su fara ɗanɗanawa, shekara talatin kafin Palarmo ta faɗi a 1072. Kuma a hannun Normawa an bar musu alƙalansu da kasuwanninsu na wani zamani, ana buga kuɗi da rubutun Larabci, al-Idrisi ya yi taswirarsa a fadar Roja na 2. Ban ce daɗi suka ji ba, Ibn Jubair da ya ratsa tsibirin ya ji kokensu da kunnensa, amma ba ni da tabbacin hannun Maniyakes zai fi sauƙi.

Malam Habibu (mai kula da zaure): Sagir ka karya ƙa'ida, wannan wani tsinken ne daban. Na rubuta shi, za mu ɗauke shi ranar Asabar in Allah ya kai mu. A dawo Durazzo.

Abba Ɗan Kurmi: To na sauko daga "kafin damina". Ga sabon matsayina, a rubuta: Aleksiyos ya mutu, gidajen sarauta sun kama juna, Giskar ya koma Italiya dole kamar yadda Anti ta ce, amma Bohemon ba shi da mai karya shi a Larisa, ba mai aika wa hakimansa kuɗi a ɓoye su tayar masa da rigimar albashi. Ya ci Tasalonika ya zauna. Masarautar Normawa daga Durazzo zuwa Tasalonika. Kustantiniyya kuma a bar wa mai rabo.

Anti Rabi: Wannan zan iya sa masa hannu, da sharaɗi. Giskar ya kusa saba'in a lokacin. A Yulin 1085 zazzaɓi ya kashe shi a tsibirin Kefaloniya, har yau akwai ƙauyen da ake kira Fiskardo da sunansa, kuma yana cikawa rundunar ta watse kowa ya nemi jirgin gida. Ranar da uban ya mutu, Roja Borsa da uwarsa za su ci gaba da turo wa ɗan kishiya jirage da hatsi daga Apuliya? Ka ba masarautar taka shekara goma, in ta yi tsawon rai.

Abba Ɗan Kurmi: Antakiya ma haka aka ce, Anti, ta kai 1268.

Anti Rabi: Ka fara karatu, ɗan nan. Je ka duba su wa ke kawo wa Antakiya kaya ta teku, ka dawo mu yi magana.

Hauwa Kulu: Kafin a watse, ni yarinyar nan ce ta tsaya mini a rai. Wadda aka kai aure aka ce don ita ake yaƙin. Ina ta ƙare?

Malam Habibu (mai kula da zaure): Tana ƙarama aka kai ta, aka canja mata suna zuwa Helena. Da aka tuɓe Mika'il sai aka warware baikon, aka ajiye ta a gidan mata masu ibada. Duk yaƙin nan da uban ke yi da sunanta, tana hannun waɗanda yake yaƙa. Shi kuma saurayin, Kustantin Dukas, da aka haifi 'yar fari a gidan Aleksiyos a 1083 sai aka yi masa baiko da jaririyar.

Hauwa Kulu: Tsaya Malam. 'Yar fari a 1083? Ba ita ce mai rubuta tarihin ba?

Malam Habibu (mai kula da zaure): Ita ce, Anna. Ta zuba masa yabo a littafinta kamar ba gobe, ta ce auren da aka so ƙulla masa da 'yar Giskar kuskure ne tun tushe. Ita ma dai ba ta same shi ba, an fasa, ya rasu da ƙuruciyarsa, ta auri Briyeniyos.

Hauwa Kulu: Ikon Allah. Ashe duk daren nan labarin dangin kishiya muke ji daga bakin amarya. Anti Rabi ki turo mini hoton ganuwar nan ta akwatin sirri, datata ta kusa ƙarewa.